Tambaya da Amsa: Sauya manhaja zai gyara sadarwa a ofishinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ba ni shugabancin wani sashe mai ma'aikata 14, kuma duk harkarmu a zauren WhatsApp ɗaya muke yin ta, inda umarni da gaisuwa da barkwanci suke cakuɗewa, har aiki yakan kwana saboda wanda aka ɗora wa bai ga saƙon ba. Shin idan muka koma Slack ko Microsoft Teams matsalar za ta kau? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Za ki samu sauƙi, amma ba duka ba. Slack da ta fito a 2013, da Teams da aka ƙaddamar a 2017, sun fi dacewa da ofis, domin suna ware wa kowane aiki zaurensa, kuma idan ma'aikaci ya ajiye aiki bayanan suna nan a hannun ofis, ba su bi wayarsa ba.

Sai dai manhaja ba ta canza halin shugaba, fito da shi fili take yi. Tun 1960 Douglas McGregor, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya kasa tunanin shugabanni gida biyu: masu ganin ma'aikaci ba ya motsi sai an tsaya a kansa, da masu ganin idan an fayyace masa manufa aka ba shi amana zai riƙe ta. Shugaba irin na farko idan ya samu Teams, wuni zai yi yana leƙen koren ɗigon da ke nuna wane ne ke kan kwamfuta, su kuma ma'aikata nan da nan za su ƙware wajen nuna suna nan alhali aikin bai gusa ba. A ganina wannan ya fi zauren WhatsApp ɗinki muni.

Saboda haka kafin ki sauya komai, ki zauna da su ku yanke inda kowane irin zance zai riƙa bi. Umarni ya zama a rubuce, da sunan mutum ɗaya da ranar da ake jiran aikin, domin saƙon da aka jefa wa kowa ba wanda yake ɗaukarsa nasa. Abin gaggawa a buga waya. Gyaran kuskure kuwa a keɓe ake yin sa, baki da baki, don wanda aka kunyata a gaban abokan aikinsa 13 ba zai sake kawo miki labarin matsala da wuri ba.

Ki kuma kula da lokaci. Tun watan Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin rufe saƙonnin aiki bayan an tashi. Ke ba sai kin jira doka ba. Idan tunani ya zo miki da dare, Slack da Teams duka suna ba ki damar tsara saƙon ya isa da safe.