Yadda za ka sa mai kallo ya yarda da soyayyar mutum da mutum-mutumi

Malam, ka ce kana rubuta gajeren fim a kan saurayin da ya kamu da son mutum-mutumi mai siffar mace, amma masu karanta labarin suna dariya a inda ka so su ji tausayi, ka kuma tambayi ko kwalliya za ta gyara abin. Kwalliya ba za ta gyara ba. Matsalar daga rubutu take, kuma galibi guda ɗaya ce: na'urar ba ta da wani abin da take nema wa kanta. In an ƙera ta don ta ce "to" kawai, mai kallo zai ga mutum ne da kayansa, babu soyayyar da zai bi.

Dubi Ex Machina na 2014. Ava, mutum-mutumi mai siffar mace, tana nuna wa wani saurayi mai suna Caleb kulawa, amma bukatarta ita ce ta fita daga inda aka kulle ta, kuma a ƙarshe ta tafi ta bar shi a rufe. Duk tsawon fim ɗin mai kallo yana tambayar kansa, son gaskiya ne ko dabara? Wannan shakkar ce ke riƙe shi. A Enthiran na 2010, fim ɗin Rajinikanth, mutum-mutumi mai suna Chitti ne ya kamu da son wata budurwa, Sana, ita kuma ta ƙi shi. A ganina wannan ƙin shi ne ƙashin bayan labarin.

Kafin ka taɓa hirar masoyan, ka zauna ka rubuta dokokin na'urar a takarda guda. Wa ya ƙera ta, wa ke da ikon kashe ta, me take tunawa, kuma shekara nawa za ta yi? A Blade Runner na 1982 shekara 4 aka ƙayyade wa irin waɗannan halittu, ita kuwa Rachael an dasa mata tunanin yarintar wata, ba ta ma san cewa ita ba mutum ba ce. A A.I. na 2001 kalmomi 7 uwar ta karanta wa David, mutum-mutumi mai siffar yaro, daga nan son da yake mata ba ya goguwa, in an mayar da shi kamfani sai dai a lalata shi. Irin wannan doka ce ke haifar da tausayi. Ka karya ta a tsakiyar fim don ka samu mafita, ka rasa mai kallo.

Sai wasan jarumar, inda aka fi yin ɓarna. Kada ta yi tafiyar sanda da murya mai karkarwa, nan take zai koma barkwanci. Ta yi komai kamar mutum, a cire abu ɗaya ko biyu kacal. Yaron da ya fito a David ba ya ƙifta ido, ba a ƙara masa wani abu mai yawa ba. Ko ta jinkirta amsa da daƙiƙa ɗaya, ko ido ya fara juyawa kafin kai ya bi. In aka haɗa su duka da fuskar roba, sai ta koma abin tsoro. Masahiro Mori na Japan ya bayyana haka tun 1970, cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba yana tayar da tsikar jiki.

Batun ɗauka kuma, ka bar fuska da hannaye na gaske, domin a nan ake karanta so. Haka aka yi wa Ava: jarumar ta sa matsattsun kaya masu launin toka, a ɗauki fitowar da ita, a sake ɗauka babu ita, sannan a cike jikin a kwamfuta. In kuɗinka kaɗan ne, ka kafa kyamara a kan ƙafa kada ta motsa, kada a taɓa fitila tsakanin ɗauka biyun, don in haske ya sauya edita ba zai iya haɗa su ba. Ka nuna ƙarfen sau ɗaya a farko, a wuya ko a tsintsiyar hannu, mayafi ya rufe sauran.