Tambaya da Amsa: Ina so in ɗauki muryar Hajiyarmu, Yaya ya hana

Salamu alaikum Anti. Hajiyarmu ce ke fama da ciwon daji, mun sha zarya Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ƙarshe likitoci suka ce ciwon ya ci jiki, mu koma gida a ci gaba da ba ta maganin rage raɗaɗi. Ni kuma ina so in riƙa ɗaukar muryarta a waya saboda yarana ƙanana ne ba za su tuna ta ba, amma Yaya Babba ya ce wai fatan mutuwa nake mata. Don Allah ya zan yi?
Maman Haidar, Jekadafari.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Hajiya sauƙi ya sa kaffara ne. Kar ki ga laifin Yaya, tsoro ne kawai, mu dama ba mu son ambaton mutuwa gaban mara lafiya. A Ingila tun 1967 wata likita Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na musamman a Landan don masu irin wannan ciwo, mu kuwa ɗakin tsohuwa ne gidan jinyarmu, mu ne nas ɗin.

Amma muryar ai ta Hajiya ce, ita za ki tambaya. In ta ce a'a, shikenan ki haƙura. In ta yarda to kar ki shigo mata da fuskar ban kwana kina share hawaye, ki zauna bakin gado ki ja ta da hira, Hajiya wai ya aka yi kakanninmu suka zo Gombe, wa ya haifi wa, ya aka yi bikinku da Baba, me kike sa wa miyar kuka da tamu ba ta kai taki ba, za ki ga ita da kanta ta ware har tana dariya. Ki bari sai maganin ya kama jikinta, minti 10 ma ya isa, da ta fara lumshe ido ki kashe.

Ga kuma abin da zai sa Yaya ya sauko: maganar bashi da amana. A hankali a tambaye ta wa take bi, wa ke bin ta, kuɗin adashi, ajiyar mutane da ke hannunta. In tana da wasiyya a rubuta gaban shaidu, ba ta dai wuce sulusin dukiya, kuma babu wasiyya ga magaji. Wannan aikin babban ɗa ne, ki damƙa wa Yaya.

Kar ki bar muryar a WhatsApp kaɗai, waya na faɗawa ruwa, ɓarayi na fizgewa. Ki ɗora a Google Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, ki tura wa 'yan'uwa biyu su ma su ajiye. Hotonta kuma a rame a kwance, don girman Allah kar ya hau status ko Facebook, in za a ɗauka a ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau a kawo jikoki su kewaye ta.