An rufe mini asusu saboda laifin wani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York, ina aikin kai abinci ta manhajar waya. Kwatsam aka rufe mini asusu, wai bincike ya nuna ina da laifi a wata jihar da ban taɓa taka ƙafata ba. A ina suke samun irin wannan bayanin, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Ba manhajar ce ke yin binciken da kanta ba, kwangila take ba wa kamfanonin tantance ma'aikata da masu neman haya. Su kuma daga hannun gwamnati suke samun kayan aikinsu. A Amurka yawancin takardun kotu a buɗe suke ga kowa. Wasu jihohin suna sayar da bayanan shari'o'i a dunƙule, kamar sari a kasuwa, wasu wuraren kuma kamfanoni kan sa kwamfuta ta riƙa kwashe duk abin da ke shafin kotu, su tara a rumbunsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haɗa laifi da mai shi. Kotuna kan ɓoye lambar nan ta Social Security, wato lambar shaida ta musamman da gwamnatin Amurka ke ba mutum, domin kare sirrin mutane, don haka sau da yawa sunan mutum da ranar haihuwarsa kaɗai ke rage wa kwamfuta. To ka duba mutanenmu: Ibrahim Musa nawa ne, Muhammad Abubakar nawa ne? Ga kuma baƙi da yawa da takardunsu ke ɗauke da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Matsalar ba sabuwa ba ce. A 2018 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa kamfanin tantancewa na RealPage ya biya dala miliyan 3 bisa zargin cewa yana jingina wa masu neman haya laifuffukan wasu saboda kamannin suna.

Akwai dokar tarayya ta 1970, ana kiranta FCRA, wadda ta ce kafin mai ɗaukar aiki ya yanke hukunci a kanka saboda rahoto, sai ya ba ka kwafinsa. Bincika imel ɗinka har akwatin tarkacen saƙonni, don can irin waɗannan wasiƙun ke yawan faɗawa. A ciki za ka ga sunan kamfanin da ya yi rahoton. Shi za ka rubuta wa ƙorafi, ka haɗa da hoton katin shaidarka da duk abin da ke nuna ba kai ba ne, misali bambancin suna na tsakiya ko adireshi. Doka ta ba su kwana 30 su sake bincike. Ka ɗauki hoton allon wayarka a kowane mataki, kada ka tsaya ga kiran waya kawai. In sun yi biris, ka shigar da ƙorafi a shafin hukumar CFPB mai kare haƙƙin jama'a a harkokin kuɗi, ka kuma nemi ofishin lauyoyin da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta.

Tambaya: Malam, an taɓa kama ɗana, kotu ta kori ƙarar, aka rufe fayil ɗin. Amma har yau in aka rubuta sunansa a Google hotonsa na ofishin 'yan sanda ke fitowa. Wani shafi ya ce mu biya kuɗi a cire.

Amsa: Hajiya, kada ku biya. In kun biya ɗaya, hoton na iya ɓullowa a wani shafin. Google na da fom na neman a janye sakamako daga shafukan da ke karɓar kuɗi kafin su cire bayanan mutum, kyauta ne. Ku kuma karɓo takardar korar ƙarar daga magatakardan kotu, ɗanki ya ajiye kwafi a wayarsa saboda ranar neman aiki ko gida. A ƙa'idar FCRA, kamun da bai kai ga hukunci ba galibi ba a sa shi a rahoto bayan shekara 7.

Wannan tambayar ce ta fi ci mini rai. Alƙali ya rufe fayil a kwamfutar kotu, amma kwafin da aka sayar bara yana nan a rumbun 'yan kasuwa, babu mai sanar da su. Ba na goyon bayan a rufe takardun kotu gaba ɗaya, domin shari'ar da ake yi a ɓoye ita ce ta fi cutar da talaka. Amma gwamnatin da ta karɓi kuɗi ta miƙa sunan mutum, wajibinta ne ta bayyana wa jama'a wa ta sayar wa, ta kuma bi sawun abin da ta sayar. A fasahance abin mai sauƙi ne. Jihar Pennsylvania ta yi dokar Clean Slate a 2018, inda kwamfuta ke rufe tsofaffin ƙananan laifuffuka da kanta, kuma kotunanta na tilasta wa masu sayen bayanai a dunƙule su riƙa karɓar jerin shari'o'in da aka cire, su goge su daga nasu rumbun. New York ma irin wannan dokar ta rufe tsofaffin laifuffuka ta fara aiki a Nuwamba 2024.

Kafin ɗanki ya nemi aiki na gaba, ya rubuta wa manyan kamfanonin tantancewa ya nemi kwafin fayil ɗinsa, yana da haƙƙin samunsa kyauta sau ɗaya a shekara. In ƙarar da aka kora ta fito a ciki, ya aika musu takardar kotun nan take.