Tambaya da Amsa: Wane Masauki Za Mu Zaɓa Don Kamun Kifin Bonfish?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma na saba kamun kifi da koton gashi (ƙugiya da aka ɗaure wa gashi ta yi kama da abincin kifi, ana jefa ta da sanda da zare) a ƙananan koguna. Ni da wani aminina da zai taso daga Abuja muna son mu yi mako guda a wani tsibiri, mu gwada kamun bonfish, wani kifin teku, tare da ɗan jagora. Mun duba masaukai a Bahamas da Beliz da Kiritimati, hotunansu duk sun yi kyau, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Da me za mu bambance su? Shi aminin nawa bai taɓa jefa koton gashi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hotuna ba za su raba muku gardama ba, domin abin da za ku biya kuɗin nan a kansa ba ya fitowa a hoto. Wanda ya zaɓi masauki don kyan ɗaki, kamar mai sayen gona ne don kyan bukkar da ke cikinta. Ruwan da masaukin ke kai mutane da mutumin da zai tsaya a bayanka yana nuna maka kifi, su ne cinikin. Sai kuma makon da kuka zaɓa, wanda yake iya gyara komai ko ya ɓata komai.

Ka fara da halin kifin. Bonfish yana biyo cikowar teku ya hau filayen ruwa marasa zurfi, daga idon sawu zuwa gwiwa, yana tonon jatan lande da ƙananan ƙaguwa da tsutsa a cikin yashi. Ba a jefa masa a makance yadda ake yi a kogi. Sai an gan shi tukuna. Ganinsa kuwa aiki ne, don jikinsa mai launin azurfa yana ɗaukar launin ƙasan da yake bi, har sau da yawa inuwarsa ake fara hangowa. Idan ruwan ya yi ƙaranci sosai, yakan kifa kai yana tono, wutsiyarsa ta fito waje tana ƙyalli, ƙurar laka tana tashi a bayansa. Ƙarar takalmi a kan katakon jirgi ko inuwar zare ta isa ta kore shi. Idan kuma ƙugiya ta kama, yakan zare mita 50 zuwa 100 na zare a gudu ɗaya. Saboda haka duk tambayar da za ka yi wa masauki ta koma ga abu ɗaya: awa nawa a yini zan samu ina tsaye, rana tana haska ƙasan ruwa, kifi yana gabana?

Tambayar farko ita ce ƙasan filayensu, tauri ne ko taɓo. Inda yashi ke da tauri, ana sauka daga jirgi a taka da ƙafa, ku biyu kowa da sandarsa. Inda laka ce mai nutsewa, dole a zauna cikin jirgi, jagora yana bisa dakalin baya yana tura shi da doguwar gora, mutum ɗaya ne kawai ke tsaye a goshin jirgi yana jifa, ɗayan yana zaune yana jiran layinsa. Ka lura da lissafin: mutum biyu a jirgi ɗaya, kowa rabin yini ya samu, ko da yake kuɗin yini cikakke ya biya. Amma jirgin yana da nasa amfani ga sabon shiga, don daga sama an fi ganin kifi, jagora kuma yana juya jirgin yadda iska za ta zo ta gefen da ba za ta maido wa mai jifa ƙugiya a ƙeya ba.

Wuraren da ka ambata sun bambanta ƙwarai ta nan. A Bahamas, yankin Marls na tsibirin Abako taɓo ne, aikin jirgi ne kusan gaba ɗaya. Kudancin Andros da Acklins da Long Island suna da fararen filaye masu tauri da ake takawa. Yammacin Andros shi ne ya yi suna da manyan kifi, inda ake iya cin karo da mai kilo 4 ko 5, sai dai laka ce, kifin kuma ba ya zuwa garke-garke. Mai koyo zai iya wuni bai samu jifa mai kyau fiye da uku ko huɗu ba. A Beliz, wajen Turneffe da Ambergris, kifin ƙanana ne, galibi kilo 1 zuwa 1.5, amma suna da yawa, ga kuma wasu kifayen, tafon da famit, ga wanda ya so ya canza hannu. Kiritimati, da ke ƙasar Kiribati a tekun Pasifik kusa da layin da ya raba duniya biyu, kusan duk aikin ƙafa ne a kan yashi da ɓaraguzan murjani, kifi da yawa, babu lokacin sanyi. Matsalarta hanya: jirgin sama sau ɗaya yake zuwa a mako, tsakanin Honolulu da Fiji. In kaya suka makale a hanya ko mutum ya rasa jirgi, makon ya tafi. Akwai kuma Alphonse a tsibiran Seshel, wajen kilomita 400 daga Mahe, babban tsibirin ƙasar, wanda ya fi kusa da mai tasowa daga Najeriya ta Adis Ababa ko Nairobi. Filayen St François da ke kusa da shi suna cikin mafi kyau a duniya, amma kuɗin mako yakan haura dala 10,000 ga mutum ɗaya.

Yanzu maganar jagora, wadda na fi so ka ba ta lokaci. Ga yadda aikin yake a jirgi: goshin jirgi shi ne ƙarfe 12 na agogo. Jagora zai ce, "Ƙarfe 11, ƙafa 40, yana tafiya dama. Nuna da sanda. Ƙara hagu kaɗan. Yawwa, jefa." Kai ba ka ga komai ba tukuna, maganarsa kake bi. Koto ya faɗa, ya ce ka bari ya nutse, ya ce ja a hankali, tsaya, ja kuma, sannan ya ce ya ɗauka. Daƙiƙa goma ke nan ko ƙasa da haka. Jagoran da ya iya ganin kifi amma bai iya magana a natse ba, ko wanda yake tsawa idan an kuskure, zai sa amininka ya tsani sandar tun rana ta biyu. Saboda haka ka faɗa wa masaukin ƙarara cewa ɗayanku sabo ne fil, ka tambaya wane ne cikin jagororinsu ya fi haƙurin koyarwa. Ka tambayi shekara nawa kowannensu ya yi yana aiki da wannan masaukin. Inda jagorori suka daɗe, alama ce ana biyansu da kyau, kuma sun san kowane lungu na ruwan. Inda ake canza su kowace kaka, ka yi hattara. Ka kuma tambaya ko jagora ɗaya za ku riƙe duk mako ko ana juya su kullum. Juyi yana da adalci, don ba wanda zai mallake gwani shi kaɗai, amma mai koyo ya fi amfana da mutum ɗaya da zai gane kurakuransa ya bi su yana gyarawa. A Ascension Bay ta Meksiko an saba sa jagora biyu a jirgi ɗaya, babba da mataimaki, wanda ke nufin ɗayanku zai iya sauka da ƙafa tare da mataimakin. Ko a wani wuri, ka tambayi kuɗin ƙarin jagora na kwana biyu na farko. A ganina wannan kuɗin ya fi na ɗaki mai kallon teku amfani nesa ba kusa ba.

Sai wata da cikowar teku. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini, lokacin kuma yana ja baya da kusan minti 50 kowace rana. A tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu, cikowar takan yi ƙarfi: ruwa ya hau sosai, kifi ya kutsa can cikin saiwoyin itatuwan bakin teku inda koto ba ya isa, sannan ya janye har fili ya bushe. Wajen 7 da 22 ga wata motsin ruwan ya fi sauƙi, kifi ya fi daɗewa a inda ake kaiwa gare shi. Babu wanda ya fi wani a ko'ina. Ya danganta da siffar filin. Abin da kake nema shi ne ƙarshen janyewa da farkon cikowa su faɗo tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ta yi sama ana ganin ƙasa. Ka ba su makonni biyu ko uku da za ku iya zuwa, ka ce su duba jadawalin teku su zaɓa muku, su kuma faɗi dalili. Masaukin da ya amsa da "kowane lokaci daidai ne" yana neman cika ɗakuna ne. Wasu wuraren suna da sa'a ta musamman: mashigan ruwan da suka ratsa tsakiyar Andros suna sa lokacin cikowa ya bambanta da sa'o'i tsakanin gabas da yamma, jagora ya riƙa bin ruwan da ya dace duk yini.

Ta fuskar kaka, a Bahamas da Beliz Maris zuwa farkon Yuni ya fi kwanciyar hankali. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar sanyi takan sauko daga arewa, musamman a arewacin Bahamas; idan zafin ruwa ya faɗi ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Celsius, kifi yakan koma zurfi na kwana biyu ko uku. Lokacin guguwa kuwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a Agusta zuwa Oktoba. Guguwar Dorian ta Satumban 2019 ta yi wa Abako da Grand Bahama mummunar ɓarna. Ka tambaya ina suke zuwa idan iska ta taso daga kowace kusurwa, da kuma minti nawa ake yi a jirgi kafin a isa fili. Tafiyar awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, a kan igiyar ruwa mai dukan baya, ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu na yinin awa 8.

Batun kuɗi, a rubuto muku komai. "Kwana 7" yawanci yana nufin kamun yini 6. Tukwicin jagora, wanda yakan kai wajen dala 100 kowace rana a jirgi ɗaya, ba ya cikin kuɗin. Haka ƙaramin jirgin sama daga Nassau, babban birnin Bahamas, zuwa tsibiri, da lasisin kamun kifi, wanda Bahamas ta wajabta a filayen nan tun 2017. Kafin alƙalami yakan kai rabin kuɗin, kuma galibi ba a maidowa, ko da iska ta hana fita. Ku yi inshorar tafiya wadda ta haɗa da ɗaukar mara lafiya da jirgi, don asibiti yana da nisa. Ku sanar da su tun da wuri cewa ba ku cin naman alade, don shi ake yawan sawa a burodin abincin rana. Kifi da abincin teku suna nan wadatacce. In giya tana cikin lissafin, ku tambaya ko za a cire. Jagora kuma ba zai ƙi tsayawa a wani tudun yashi ku yi sallah ba idan an gaya masa tun safe.

Shi amininka, kada ya bari sai ya isa tsibiri ya fara koyo. Ya samu sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 8, ya riƙa fita fili da yamma lokacin da iska ke kaɗawa, ya ajiye faranti a nisan mita 12, ya koyi sauke koto kusa da shi da kaɗawa biyu ko uku kacal. Sauri da daidaito sun fi nisa. Kai kuma da ka saba da kogi, hannunka zai so ɗaga sanda sama idan kifi ya ɗauka, wanda hakan ke fizge koto daga bakinsa. A nan sanda tana ƙasa, zare ake ja da hannu dogon ja ɗaya. Ku tanadi faifan zare mai birki mai santsi da zaren ajiya mita 150 ko fiye, zaren da aka yi don ƙasashen zafi (na ruwan sanyi yakan yi laushi ya riƙa sarƙewa), da koto irin su Gotcha da Crazy Charlie lamba 4 zuwa 8, wasu masu nauyi wasu marasa nauyi. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, mai launin jan ƙarfe, kowa guda biyu. Ku tambaya ko masaukin yana ba da aron sanda idan ta karye.

Akwai tambaya ɗaya da take nuna halin masauki: yaya jagororinsu ke sakin kifi? Bonfish sakinsa ake yi, a Beliz ma doka ce tun 2009. Kifin da aka daɗe ana juyawa a hannu don hoto yakan fita a jigace, kifin shak ko barakuda ya cinye shi cikin 'yan mintoci. Wanda ya san aikinsa yana danne haƙorin ƙugiya, ya jiƙa hannu, ya cire koto kifin yana cikin ruwa, in za a ɗaga shi bai wuce daƙiƙa 15 ba. Idan shafinsu cike yake da hotunan kifi a kwance bisa katakon jirgi, ni ba zan tura ka can ba.

Ga ku biyun nan, shawarata Beliz ko kudancin Andros, a Afrilu ko Mayu: Beliz in kuna son amininka ya yi ta jifa yana kamawa har hannunsa ya faɗa, kudancin Andros in kun fi son ku taka farin yashi tare, kifin ma ya fi girma. Kiritimati ku bar ta sai zuwa na biyu. Amma kafin ku biya ko sisi, amininka ya gama da takardu. Amurka ba ta barin mai fasfon Najeriya ya ratsa filin jirginta ba biza, ko da canjin jirgi kawai zai yi a Mayami ko Honolulu. British Airways tana tashi daga Landan zuwa Nassau, sai ya bincika sharaɗin ratsawa ta Ingila da bizar Bahamas ɗin kanta. Seshel ta tsaurara shigar masu fasfon Najeriya a 2023, don haka in hankalinku ya karkata can, ku nemi tabbaci a rubuce. Ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara a jakar hannu, ku kuma roƙi masaukin ya riƙe muku makon na ɗan lokaci har biza ta fito.