Yaya wasu ƙananan halittu ke rayuwa a ruwan da gishiri ya yi wa katutu?

Tambaya: Malam, mun san gishiri yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma na ji an ce akwai halittun da ke rayuwa a Tekun Gishiri, wanda ake kira Mataccen Teku. Me ke cikin gadon halittarsu da ya ba su wannan juriya?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Tun 1936 masani Benjamin Elazari Volcani ya ba da rahoton samun rayayyun halittu a wannan teku, wanda gishirinsa ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari, alhali na manyan tekuna bai wuce 3.5 ba.

Gishiri ba guba yake sa wa ƙwayar halitta ba, ruwa yake zuƙe mata. Ruwa kan ratsa fatar ƙwaya ya koma ɓangaren da gishiri ya fi yawa, sai ta yamushe ta mutu. Mai son zama a irin wannan wuri dole ya daidaita cikinsa da waje, kuma hanyoyi biyu ne.

Ta farko: a hana gishiri shiga, a cika ciki da wasu ƙananan sinadarai masu riƙe ruwa waɗanda ba sa cutar da aikin ƙwaya. Gansakukar Dunaliella salina, wadda ke cikin masu sa Tafkin Retba na Senegal ya yi ja-ja, gilisarin take tarawa. Bakteriyar Halomonas elongata kuwa sinadarin ektowin take haɗawa, da ƙwayoyin gado uku: ectA da ectB da ectC. Hanyar tana cin ƙarfi, amma in gishiri ya ragu sai a rage sinadarin, rayuwa ta ci gaba.

Ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma ita mafi yawan arkiya (wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, masu kama da bakteriya amma jinsinsu daban) masu son gishiri suka bi, irin su Halobacterium salinarum. Su ba sa kokawa da gishiri, tara shi suke a ciki, amma na fotasiyam, har ya yi daidai da na waje. To a nan gizo ke saƙa: furotin na yau da kullum in ya shiga irin wannan ruwa dunƙulewa yake ya daina aiki. Don haka kusan dukkan furotin ɗinsu ya sauya siga. Bayansa cike yake da asfartet da gulutamet, wasu daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, masu ɗauke da cajin lantarki na negatif, waɗanda ke jawo ruwa da fotasiyam su lulluɓe shi. Da aka karanta jerin DNA na wani nau'in Halobacterium mai suna NRC-1 a 2000, an ga wannan alama a ko'ina. Ke nan babu wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce ta gishiri; sauyin ya ratsa dubban ƙwayoyin gado. Kuma ya zo da farashi mai tsada: ka ɗiga wannan halitta cikin ruwan daɗi, nan take za ta fashe.

Wurin ba gishiri kaɗai ke damun sa ba, akwai zafin rana da ƙarancin iskar shaƙa. Jan launin waɗannan arkiya na kare su daga hasken rana, wasu na da 'yan jakunkunan iska da ke ɗaga su saman ruwa, kuma sukan riƙe kwafin DNA da yawa, wani lokaci sama da 20, abin da ke sauƙaƙa gyara inda ya lalace. A 1971 Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano wani furotin a fatar Halobacterium mai amfani da haske ya samar da kuzari.

Suna kuma aron ƙwayoyin gado daga juna. Salinibacter ruber, da aka samo a tafkunan haɗa gishiri na Sifen, bakteriya ce tsantsa, amma fotasiyam take tarawa kamar arkiya, kuma a DNA ɗinta an ga ƙwayoyin gado da alamu suka nuna daga maƙwabtanta arkiya suka fito.