Hukuncin Zuba Baƙin Mai Da Ruwan Batir A Bututun Najasa Na Gwamnati

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni bakanike ne a Abuja, ina da gareji da yara shida. A bayan garejin akwai murfin ƙarfe na bututun najasa na gwamnati, wanda aka ce yana tafiya har matatar Wupa. Mun saba idan muka yi juyen mai, ko muka wanke inji da fetur, ko muka sauya ruwan tsohon batir, yara su ɗaga murfin bayan isha'i su tuttule a ciki. Kwanaki jami'an muhalli suka zo suka ce akwai iyakar abin da doka ta yarda a zuba, har suka ambaci tara. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce ba laifi, tunda baƙin mai ba najasa ba ne, bututun dama na ƙazanta ne, kuma can gaba ana tace ruwan. Malam, ina da zunubi? In na sirka da ruwa mai yawa kafin in zuba, ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abin da kuke yi bai halatta ba, sirkawa da ruwa kuma ba za ta halatta shi ba.

Abokinka ya yi daidai a wuri ɗaya: baƙin mai ba najasa ba ne. Da ya taɓa rigarka ka yi salla da ita, sallarka ta yi. Inda ya zame shi ne da ya ɗauko hukuncin babin tsarki ya kawo babin cutarwa. A babin tsarki muna tambaya ne ko ruwa ya jirkita a launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, domin mu san ko za a yi alwala da shi. A nan kuwa tambayar ita ce, wa abin zai cutar? Fasasshen gilashi mai tsarki ne, amma ba wanda zai ce a watsa shi a hanyar masallaci. Manzon Allah (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar", wato babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Malamanmu kuma ba su bar hadisin a sama ba, sun sauko da shi kan masu sana'a. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ambaci cewa alƙali zai hana hayaƙin gidan wanka da warin majema idan suna cutar da maƙwabta. To in wari kaɗai ya isa a taka wa majemi burki, ina ga gubar da za ta shiga ruwan jama'a?

Maganar "can gaba ana tacewa" ita ce ke yaudarar mutane da yawa, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Matatar ruwan najasa ba rariya ba ce da ke tare duk abin da aka zuba mata. Babban aikin a cikinta wasu ƙananan halittu ne ke yin sa, waɗanda ido ba ya gani. Ana tara su a manyan kwatamai ana hura musu iska, su kuma su cinye bahaya da sauran abinci da kumfar wanka. Abin da aka gina wurin dominsa ke nan. Idan baƙin mai ya iso sai ya shimfiɗu a saman ruwa ya dame aikin iskar. Ruwan batir kuma asid ne mai ƙarfi, yana cin bututu, yana kashe halittun nan. Dalmar da ke cikinsa ba ta ruɓewa, ba abin da ke cinye ta: ko ta zauna a laka da ake kwashewa, wadda wasu ke ɗauka taki, ko ta wuce zuwa rafi. Idan halittun suka mutu, ba ƙazantarka kaɗai ce za ta wuce ba, har da ta dubban gidajen da ba su san hawa ba balle sauka. Mai lambu a ƙasan rafi ya yi ban-ruwa, mace ta wanke kwanuka, makiyayi ya shayar da shanu. Duk wanda ya san Kano ya ga irin wannan a Jakara da Getsi, inda ruwan masana'antun Bompai ke gangarowa, da kogin Challawa kusa da majemu. Gubar dalma kuwa ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani ba, bayan yara sama da 400 da ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Can haƙar zinare ce ta jawo, amma dalmar ita ce dai wadda ke cikin batirinka.

Fetur ɗin da kuke wanke inji da shi ya fi ba ni tsoro. Tururinsa yana taruwa a cikin rufaffen bututu yana jiran tartsatsi. Ranar 22 ga Afrilu 1992, a birnin Gwadalahara na ƙasar Meziko, fetur da ya tsiyaya cikin bututun najasa ya fashe, ya tsaga tituna, mutum sama da 200 suka mutu. Ka kuma tuna da leburan da ake saukarwa cikin ramin nan idan ya toshe. Shi zai shaƙi abin da yaranka suka zuba, kuma ɗan wani ne, mijin wata.

Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A hadisin Mu'azu ɗan Jabal da Abu Dawud ya ruwaito, ya ce a guji abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Allah kuma Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 56, kada ku yi ɓarna a bayan ƙasa bayan gyara ta. Bututun da aka haƙa da kuɗin jama'a don raba su da ƙazanta gyara ne, lalata shi ɓarna ce.

Sai batun iyaka. Shari'a ba ta ce kada ka zuba komai ba. Ƙaramar cutar da rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita ana yafe ta, shi ya sa ruwan wanka da na banɗakin garejinka ba laifi su shiga. Amma wa zai faɗi inda kaɗan ya ƙare, mai yawa ya fara? Ba ni ba, ba kai ba, ba abokinka ba. "Ku tambayi ma'abota sani in kun kasance ba ku sani ba," in ji Suratun Nahli. Masu wannan fanni suna da ma'aunin tsamin ruwa da suke kira pH, kuma galibin dokoki suna son ruwan da za a saki ya tsaya tsakanin 6 da 9, alhali ruwan batir yana wajen 1, wato tsaminsa ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Idan hukuma ta ɗauki irin wannan awo ta mayar da shi doka, bin ta wajibi ne na addini, domin umarni ne da ba saɓon Allah a cikinsa, kuma ya dogara kan maslahar jama'a. Dokokin nan ma ba daga sama suka faɗo ba. Sai da aka gano an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 sannan Najeriya ta farka ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda hukumar NESREA ta gaje ta a 2007. Ko da ka ci karo da jami'in da aljihunsa kawai yake dubawa, laifinsa yana wuyansa, bai sauke naka ba. Ba shi na goro don ya kau da kai kuma zunubi ne na biyu a kan na farko.

Sirkawa da ruwa dabara ce kawai. Cokalin dalma in ka zuba shi a jarka ko a tanki, cokali ɗaya ne dai zai isa matata. Ka gyara wa mai awo lamba, ba ka rage wa mai lambu komai ba, ga asarar ruwa a kai. Irin hilar da ake yi don a kauce wa hakki ke nan, kuma ba ta sauya hukunci. Na lura ka ce sai bayan isha'i ake ɗaga murfin. Ka tambayi kanka abin da ya hana a ɗaga shi da hantsi. Annabi (SAW) ya gaya wa Nawwasu ɗan Sam'an cewa zunubi shi ne abin da ya sosu a ƙirjinka, ka ƙi son mutane su gani.

Abin yi ba mai wahala ba ne. Ka ajiye duro mai murfi da mazurari, duk juyen da aka yi a zuba ciki. Baƙin mai yana da masu saye, ka nemi waɗanda ke sake tace shi. Tsohon batir ka sayar da shi da ruwansa a ciki ga masu izinin karɓa, kada yaro ya kifar da shi a ƙasa don ya rage nauyi. Fetur ɗin wanki a bar shi ya kwanta a rufaffen mazubi, a sake amfani da na sama. Wajen wankin inji kuma ka sa birkila ya gina maka rami mai ɗaki biyu ko uku, mahaɗinsu ta ƙasa, yadda mai zai taso sama a kwashe shi, yashi ya kwanta, ruwa ya wuce. Ka je ofishin hukumar muhalli da ƙafarka ka ce su nuna maka awon da suke so.

Abin da ya wuce kafin ka sani, ka yi istigfari ka daina daga yau. Sai dai rashin sani yana ɗauke zunubi ne, ba ya ɗauke lamuni a dukiyar mutane: idan aka tabbatar abin da kuka zuba ne ya toshe bututu ko ya lalata wa wani kaya, gyaran yana kanka. Kada kuma ka jingina wa yaran, kai ne maigidansu, da umarninka suka ɗaga murfin. Ka tara su gobe da safe kafin a buɗe bonet na farko ka gaya musu da bakinka an daina.

Allah ne Mafi sani.