Tafki ya koma kore, kifaye na mutuwa da asuba: laifin taki ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Akwai wani tafki da na sani ruwansa garau, amma 'yan shekarun nan da zarar zafi ya kama sai ya koma kore shar, ga ɗoyi, da asuba kuma a tarar da kifaye sun taso matattu. An ce naitirojin na takin gonaki ne ya jawo. Ni kuwa na karanta cewa yawancin iskar da muke shaƙa naitirojin ce. Yaya abin da ya cika sararin sama zai kashe tafki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka karanta daidai ne, kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ce. Sai dai wadda ke cikin iska a kulle take, tsiro ba ya iya cin ta. Galibi walƙiya da wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke kwance ta, har zuwa 1913 da aka fara sarrafa amoniya a masana'anta a Jamus ta hanyar da masana Haber da Bosch suka ƙirƙiro. Takin zamani ke nan: naitirojin da aka riga aka kwance, a shirye don ci.

Takan shiga tafki daga gonaki, da kashin dabbobi, da ruwan bayan gida, da ruɓaɓɓen ganye. Inda akwai oksijin, bakteriya irin su Nitrosomonas kan juya amoniya zuwa naitirait, su Nitrobacter su ƙarasa da ita zuwa naitireti; duka ukun nau'o'in kwantacciyar naitirojin ne. Aikin nan ba kyauta ba ne, domin kowane giram ɗaya na naitirojin yana cinye kusan giram 4.6 na oksijin. Can cikin lakar ƙasan tafki kuwa, inda babu oksijin, wasu bakteriya na daban da naitireti suke numfashi, su mayar da ita iska ta koma sama. Ta wannan ƙofa tafki ke sauke kayansa, kuma dausayin bakin ruwa da ciyayinsa su ne suka fi yin aikin. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an nome gona har bakin ruwa. An ƙara lodi, an kuma toshe mafita.

In abin da ke shiga ya fi ƙarfin wannan ƙofa, gansakuka ce ke cin ribar. Da rana tana fitar da oksijin. Da dare kuwa ita da kifi da bakteriyar da ke ruɓar da wadda ta mutu duk zuƙa suke yi, babu mai bayarwa, don haka kafin fitowar rana ne ruwan ya fi talaucin oksijin. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta da yawa: kimanin miligiram 9 a lita idan zafinsa digiri 20 ne, ƙasa da 8 a digiri 30. Kifayen da ka gani, mafi yawan lokuta, shaƙewa suka yi.

To amma kada a ɗora wa naitirojin laifin duka. A 1973 masanin kimiyya David Schindler da abokan aikinsa sun raba wani tafki a Ontariyo ta Kanada, Tafki na 226, gida biyu da labulen roba. Duka ɓangarorin an zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya aka ƙara masa fosfaros, wani sinadarin da shi ma ake samu a taki. Mai fosfaros ɗin ne kaɗai ya koma kore. Wasu daga cikin abin da muke kira gansakuka a gaskiya bakteriya ne, siyanobakteriya, kuma akwai masu jan naitirojin kai tsaye daga iska, muddin sun samu fosfaros. Shi kuwa fosfaros ba shi da ƙofar fita ta sama. Yana kwanciya a laka, ranar da oksijin ta ƙare a ƙasa ya sake tasowa, shekara da shekaru bayan an daina zuba shi.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a kula da fosfaros kawai. Microcystis, wata siyanobakteriya mai fitar da dafin da ke lalata hanta, ba ta iya jan naitirojin daga iska, wadda aka zuba mata take ci. Ita ce ta gurɓata ruwan shan birnin Wuxi daga Tafkin Taihu na ƙasar Sin a 2007, ta kuma sa aka hana mutum fiye da 400,000 shan ruwan famfo a Toledo, bakin Tafkin Erie na Amurka, a watan Agustan 2014. A rage su biyun tare.

Tafki kan warke. Tafkin Washington da ke Siyatil a Amurka ya washe cikin 'yan shekaru bayan an karkatar da ruwan bayan gida daga gare shi tsakanin 1963 da 1968. A naka tafkin, a fara bin sawun ruwan da ke malalowa ciki, a bar ciyayi a bakinsa, a daina watsa taki gab da saukar ruwan sama mai ƙarfi. Kafin nan, kada a shayar da dabbobi koren ruwan, kada yara su shiga, kuma tafasa shi ba ya kashe dafin.